Ƙwai a Cikin Gero

Ku bar zancen yadda muka bar gida, kukan rakiya ko'ina iri ɗaya ne. Ni daga Khartum nake fara tafiyar nan, don a can ne likita ya latsa ƙullutun da ke wuyan ɗana, ya wanke hannunsa, ya ce ciwon daji ne, kuma injin da ke ƙone irinsa babu shi a Sudan duka, sai Masar. Shekarar da ake gama ginin madatsar ruwan Damazin ke nan. Ya ce zama talatin za a yi mashi a gaban injin, in jikinsa ya ɗauka. Talatin ɗin na ji ta sarai. "In jikinsa ya ɗauka" kuwa ta bi ta bayan kunnena ta wuce, ita ce kuma duk labarin.

Ɗan farina ne. Sunansa ba za ku ji shi a bakina ba, ko yau da ba ya raye. A ƙauyenmu, kudu da Abu Hujar a bakin kogin da muke ce wa Bahar, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta duban tsakar idonsa, ba ta cin abinci a gabansa. Ran da aka yaye shi uwata ta ɗauke shi. Ita yake kira Inna, ni kuwa Adda, kamar wata yayarsa. Mai Agashe nake ce mashi, don sana'arsa ke nan, gasa nama da ƙuli da yaji, har ma'aikatan madatsa sukan bar tukunyar kamfani su yi layi a gaban wutarsa.

Matarsa tana jego, ƙannensa suna cikin shuka, ubansa ya riga mu gidan gaskiya. Amma ko da duk suna zaune ba aiki, ni ce zan raka shi, don a ganina maganin yana hannuna. Uwata da ƙafa ta zo ƙasar nan daga ƙasar Sakkwato da niyyar hajji, ta tsaya a bakin Bahar ta haife ni, kuma ba a taɓa jin ta faɗi magana ta faɗi ƙasa ba. Ita ta koya mani cewa daji dabba ce a cikin jiki, abin da mutum ya ci shi take ci. Ka ba ta nama ta yi ƙiba, ka hana ta ta mutu da yunwa. Sai a yi wa mai ciwon himiya, wato kame baki kwana arba'in: ba nama, ba nono, ba ƙwai, ba mai, ba gishiri, sai tsinkakken kunun gero. Da idona na ga ta yi wa wata mata mai kumburi a hammata, kumburin ya fashe ta warke. Saboda haka na ɗinka buhun gero, na ɗaure ƙaramin turmina da taɓarya da ludayi. Ran da muka hau jirgin ƙasa a Khartum na fara mashi himiya. Ni ma na shige ta tare da shi, don ba zan ci daɗi ɗana yana shan ruwan gero ba.

Bayan Abu Hamad ƙasa ta ƙare, sai rairayi. Tashoshin can ba su da suna, sai lamba, kamar wurin da ba ya so a san shi. Wasu fatake Larabawa da muke zaune tare suka kwance ƙunshinsu, ga kisra, wainar dawarsu, ga dafaffen ƙwai, ga soyayyar kaza. Suka tura wa Mai Agashe. Ya ce ya ƙoshi. Mutumin da hannunsa ya saba da nama tun yana ɗan shekara goma, ina kallon maƙogwaronsa ta gefen ido yana hawa yana sauka a gefen ƙullutun.

Wani tsoho cikinsu ya ce, "Ya Hajja, wannan ba shi da lafiya, ki bar shi ya ci."

Na ce, "Na san abin da nake yi."

Ya ce, "Ku Fallata, kanku da tauri." Haka suke kiran duk mu da muka fito daga yamma.

Na ce, "Da taurin kan muka tsince maku audugar gonakin Jazira, har kuka sami na sayen kaza."

Jirgi ya ɗauki dariya. Na ji daɗin maganar nan tawa kwana biyu cur. Allah ya yafe mani.

A Halfa muka shiga babur, jirgin ruwa. Ruwan sabuwar madatsar Masar ya riga ya ci tsohon garin. Da hantsi muka bi ta kansa. Ba abin da ya rage sai kan hasumiyar masallaci a tsakiyar ruwa, da kawunan dabino birjik, ganyensu ya yi rawaya. Nubawan da ke cikin babur, masu garin, duk suka taru a gefen jirgi. Wani dattijo ya dafa ƙarfe ya leƙa ruwa, ya yi sallama irin wadda ake yi wa maƙabarta. Ni abin da ya zo mani murhu ne. Na ce ashe a ƙarƙashinmu akwai murhu ɗari-ɗari da duwatsunsu uku-uku, kifi yana shiga yana fita. Mai Agashe yana kwance a tabarma, ya ɗaga kai ya dubi dabinon, ya ce wa iska, "Ruwa har wuya, amma ƙishi shina kashe su." Haka muke magana ni da shi. Shi ya faɗa wa iska, ni in amsa wa tukunya.

A Aswan aka cuce ni. Wani mai hula da alƙalami uku a aljihu ya tare mu, ya ce hatsi ba ya shiga Masar sai an duba ƙwari. Ya sa aka ɗauki buhuna da turmina aka zaga bayan wani gini. Buhu ya dawo rabi, turmi bai dawo ba, mai alƙalami ma bai dawo ba. Da na kai ƙara wurin masu kaki na gaskiya, suka ce ba su san shi ba. Turmin uwata ne. Na zauna kan rabin buhun na rungume taɓarya kamar marainiya, ban yi kuka ba, don ba zan yi kuka a gaban Misirawa ba.

Alƙahira kuwa ba gari ba ce, kasuwa ce da aka manta a tashe ta. Wani abokin cinikin Mai Agashe a Damazin ya ba mu kwatancen kawunsa, wani Banube, mai gadin ƙofar wani dogon bene. Ya ba mu ɗaki a can saman rufi, mai jinkar kwano, kusa da nasa. Matarsa Sakina ta girme ni da kaɗan, baƙa siririya mai zanen shuɗi a leɓe. Ƙauyensu ma yana ƙarƙashin ruwan da muka ratso. Tana kiwon kaji da tattabaru a saman benen, tsakanin igiyoyin shanya. Ita ta ara mani turmin tagulla, ɗan mitsitsi, wanda in ka daka gero a ciki unguwa duka sai ta ɗauka ƙararrawa ce.

Washegari da safe ta zo da ƙwai biyu, da ɗuminsu.

Ta ce, "Ya Hajja, biyu kullum. Ki fasa a madara ki ba shi. Masu shiga injin nan na gansu da yawa, ci ne ke riƙe su."

Na ce, "Allah shi saka."

To, ku gaya mani yadda zan yi. Mayar da kyauta zagi ne. Zubar da abinci zunubi ne. Ni ba zan ci ba, ina cikin himiya. Ban san kowa a garin ba balle in bayar. Sai na yi abin da kowace mace ke yi a gida in tana so ƙwai ya daɗe: na tura su cikin gero. Na ce ran da arba'in ta cika in dafa in yi sadaka da masu kyau. Kullum biyu. Kullum "Allah shi saka." Kullum in tura hannu cikin buhu in binne.

A asibiti ba na shiga da shi. Yaya zan tsaya a ga an tuɓe wa ɗan farina riga? A tsakar gida nake zama ƙarƙashin wata bishiya, cikin matan ƙauyen Masar masu baƙaƙen kaya. Kaharaba suke kiran injin, wuta ce marar hayaƙi. Sun zana mashi layuka da shuɗin tawada a wuya, aka ce kada ruwa ya taɓa. Duk ran Asabar kuma ana ɗora shi a mizani. Abin da likita ke gaya mashi a ciki ban sani ba, ban kuma tambaya ba. In ya fito sai ya ce wa iska, "An ce gobe da sahe." Ni kuma in ce wa ƙofa, "An ji."

Mako na biyu fatar wuyansa ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Yawu ya ƙafe, bakinsa ya fashe. Kunun da yake shan kwano guda ya koma rabi, ya koma ludayi uku. Agogonsa ya riƙa zamewa har gwiwar hannu. Amma ƙullutun ma yana raguwa. Na ga haka na ce a raina, dabba ta fara jin yunwa, injin Masar yana taya ni aiki. Wallahi haka na ce. Har na fara tsara yadda zan ba da labarin a bakin rijiya.

Kewar gida kuwa ta hanci take kama ni. In iska ta kwaso ƙamshin ful, dafaffen wakensu, daga ƙasan bene, sai in ji ina neman ƙamshin ƙasar Bahar bayan ruwan fari. Ba damina a garin nan. Watan da ƙannensa ke nome a gida, mu rana ce kawai ke dukan kwano.

Bayan zama na goma sha tara ya fito da wuri, yana dafa bango. Ya ce wa iska, "An ce injin ya lalace." Washegari ma haka. Kwana huɗu muna zuwa muna dawowa, injin ya lalace. Ina ganin wasu suna shiga suna daɗewa, ban yi zargin komai ba, don ɗana bai taɓa yi mani ƙarya ba.

Ran Juma'a da azahar, maza sun tafi masallaci, shi bai iya sauka bene ba. Saura kwana huɗu himiya ta cika. Geron ya ja ƙasa sosai, kwano kuma ya ɗau zafi. Na tura hannu in ɗebo na kunu, sai na ji wani abu ya ce fus a ƙarƙashin yatsuna. Warin da ya tashi, ban taɓa jin irinsa ba, ko a mushen jaki. Ya cika ɗaki, ya fita ya bi igiyoyin shanya. Kafin in yi dabara Sakina tana ƙofa, gyale a hanci.

"Me ya mutu?"

Na tare gaban buhun. Ta ture ni, ta ja buhun waje, ta zazzage shi a kan siminti. Ƙwai suka yi ta gangarowa. Ta durƙusa tana tsince su ɗaya ɗaya, tana jerawa a gindin bango. Sittin ba ɗaya, ban da wanda ya fashe. Kajinta suka zo suna leƙe.

Ta ɗago kai ta ce, "Jikokina biyu suna ƙasan benen nan. Wata guda ban ba su ƙwai ba."

Na miƙe wuya na ce, "Mu a wurinmu mai daji ba ya cin ƙwai. Uwata..."

"Uwarki tana nan?"

"Ta rasu."

"To ɗanki yana nan. Yau dai."

Ta wuce ni ta shiga ɗaki, ta tsuguna a gabansa. Ni ina waje a jikin bango, hannuna yana ɗigar ruɓaɓɓen ƙwai, ina jin komai.

Ta ce, "Ya waladi, ɗana, tsakaninka da Allah, me likita yake ce maka?"

Muryarsa ta zama kamar ana jan kara a ƙasa. Ya ce, "Tun makon fari shike cewa in sha madara, in ci ƙwai, in sha romo. Duk Asabar sai ya faɗa."

"Injin fa?"

"Lahiyarsa lau. Ni ne mizani ya ƙi. Ya ce in ya ƙara mani wuta haka, wutar za ta riga ciwon kashe ni."

"Me ya hana ka gaya wa uwarka?"

Ya ce, "Khala, gwaggona, ta yaya? Adda ta bar gida ta biyo ni har nan. Ita ma gero take sha. In dube ta in ce maganin Inna ba shi ne ba?"

Na zame a jikin bangon na zauna. Shekara talatin da shida ina taƙama ba a taɓa jin kalma ta wuce ƙa'ida tsakanina da ɗan farina ba. Ashe ladabin da na koya mashi shi ne ya rufe mashi baki.

Ran Asabar na shiga asibitin da ƙafata. Likitan saurayi ne mai sanƙo, Larabcinsa gudu yake. Na ce, "Ɗana, ja linzami, ni baƙuwa ce." Na gaya mashi komai, dabbar da yunwar da kwana arba'in. Na shirya ya yi dariya in rama. Bai yi ba. Ya cire tabarau ya murza ido.

Ya ce, "Ya Hajja, ciwon nan ba ya azumi. Ɗanki kaɗai kika sa azumi. In bai sami abinci ba, naman jikinsa yake ci."

Na ce, "Amma ƙullutun ya ragu."

Ya ce, "Wuta ce ta rage shi. Kina noma?"

"Tun ba a haife ka ba."

"In kika ƙone ciyawa a gona, wutar tana lasar hatsin da ke kusa. Hatsi mai ruwa yana farfaɗowa. Busasshe fa?"

Ya kai ni gaban mizani, irin mai ƙarfen da ake turawa, kamar na awon auduga. Ya tura ƙarfen ya ce nan yake ran da ya zo. Ya dawo da shi baya, ya yi ta dawowa, ya ce nan yake yau. Sannan ya ɗiga tawada a tsakani. Ya ce ran da ƙarfen ya kai ɗigon nan, za a ci gaba da zama goma sha ɗayan da suka rage. Ya ce kuma in sani, duk ranar da ta wuce ba wuta, ciwon hutawa yake yana mayar da ƙarfi.

Na ce, "Kwana nawa gare mu?"

Ya ce, "Kada ki tambaye ni kwana. Je ki dafa."

Na koma na dafa, na kuma sake kuskure. Sakina ta yanka tattabaru biyu, na yi farfesu irin namu, barkono ya ji, tsamiya ta ji, yana tururi. Ya haɗiye cokali ɗaya don kada ya ƙi ni. Hawaye suka zubo mashi, ya kama wuyansa da hannu biyu. Sakina ta ƙwace kwanon.

Ta ce, "Ke, bakinsa gyambo ne! Kina zuba barkono a gyambo?"

Ni da matan ƙauye uku ke aiko 'ya'yansu su koyi dama godogodo, furarmu ta nan, a hannuna, na zauna a gaban Banubiya kamar sabuwar amarya tana koya mani girki. Ba yaji. Ba tsami. Ba zafi, sai ya huce kamar nonon uwa. Ba kwano cike ba, don ganin yawan ma yana tayar mashi da zuciya. Kaɗan kaɗan, duk kiran salla, da tsakanin kowane kira biyu. Geron ya lalace, kaji ma da ƙyar suka ci. Sai shinkafa muka daka muka yi kunu da madarar bauna. Da farko na ƙi madarar, na ce wannan baƙar dabba mai kwana a taɓo? Na ɗanɗana na yi shiru, ta fi ta saniya mai. A ciki nake kaɗa ƙwai tun yana kan wuta, in zuba markaɗaɗɗen riɗi. Ran da na buɗe gwangwanin riɗin nan ƙamshin gonakin Abu Hujar ya bugi hancina, sai da na fita waje na tsaya. Romon tattabara kuma a tace shi da ƙyalle, a murje naman ya zama kamar kunu.

Ya ce komai ɗanɗanon ƙarfe yake mashi. Na ajiye cokalin Sakina na ɗauko ludayina na duma. Ya ce ya fi.

Sai dai hannunsa rawa yake, rabi a baki rabi a riga. Na karɓi ludayin. Rabona da ba shi abinci da hannuna tun ran da na shafa wa nonona maɗaci. Na zauna a gefensa, na kau da kai wajen ƙofa yadda ya kamata, na miƙa hannu.

Ya ce, "Adda."

Na ce wa ƙofa, "Na'am."

"Kunnena ya ƙoshi. Saura baki."

Sakina tana bakin ƙofa, ta yi dariya har ta zauna ƙasa. Ta ce, "Ke uwarsa ce ko surukarsa? Dube shi mana! Wa zai kai labari Sudan, kajina?"

Na juyo. Na dube shi. Jama'a, ashe yana da furfura a gefen kai. Ashe girarsa ta uwata ce sak. Akwai wani tabo a haɓarsa, tsoho, ban san ran da ya same shi ba, ban san wa ya ɗaure mashi ba. Shi ma ya kasa dubana, ya runtse ido ya buɗe baki kamar ɗan tsuntsu. Ludayi bakwai ya sha ran nan. Na ƙirga.

Asabar ta fari ƙarfen bai motsa ba. Na ce wa mai awon ko mizaninku ma na Aswan ne. Ta biyu ya matsa kamar faɗin ƙwayar gero biyu. Akwai ranar da ya amayar da duk abin da na ba shi tun safe, ya juya wa bango fuska ya ce a bar shi haka nan. Na wanke ludayi, na jira la'asar, na dawo na zauna. Na ce mashi, shi kansa ba ƙofa ba, "Ni na ɓata, ni za ni gyara. Buɗe." Ya buɗe. Kwana goma sha bakwai muka yi a haka. Ran na sha bakwai likita ya ce a gwada ko ba Asabar ba. Ya hau. Ƙarfen ya tafi, ya tafi, ya tsaya a kan ɗigon tawada. Mai awon ya ce mabruk, wato barka. Ni lissafi nake: huɗu na ƙaryar injin, sha bakwai na dafuwa. Kwana ashirin da ɗaya ciwon yana hutawa.

Ya gama sha ɗayan, yana ci yana shiga. Ƙullutun ya baje har ba a jin sa da yatsa. Ran da za mu tafi na tuɓe awarwarona na azurfa na ba Sakina. Ta mayar mani da shi hannu. Ta ce, "Riƙe abinki. In kin ga marar lafiya a ƙasarku, ki ba shi ƙwai, ki tsaya har ya haɗiye." Ban sake jin labarinta ba. Da muka biyo ta Halfa ruwa ya ƙaru, dabinon duk sun nutse.

Ya yi shekara ɗaya da rabi a gida. Ya ga ɗiyar da aka haifa kafin tafiyarmu ta taka ƙasa. Bai koma Damazin ba, don ɗanɗano bai dawo mashi ba, mai agashe kuwa da harshe yake aiki. Amma ran babbar salla ya ce shi zai gasa ragon gida. Ya yanyanka naman sirara yadda ya saba, ya barbaɗa ƙuli, ya jera a gefen garwashi. Da ya gasu ya zaro tsinke ɗaya, ya ratsa tsakar gida a gaban ƙannensa da matansu, ya durƙusa a gabana.

Ya ce, "Adda, ɗanɗana mani. Ni ba ni jin gishiri."

Ba wanda ya taɓa ganin na tauna ko goro a gabansa. Na karɓa, na ci, ina dubansa.

"Ya yi?"

Gishirin ya yi yawa har yana ɗaci. Na ce, "Ya yi daidai." Na cinye tsinken duka.

Da damina ta biyu ƙullutun ya dawo, a ɗaya gefen. Wannan karon ba maganar Masar. Na ba shi kunu da madara da ƙwai har ranar da maƙogwaro ya rufe, ya cika ran wata Talata da walaha, kansa a cinyata, ban kau da kai ba.

Ba wanda ya taɓa ce mani kwana ashirin da ɗayan nan ne suka kashe shi. Na tambayi wani ma'aikacin asibiti a Sinja, ya ce irin wannan ciwon yakan dawo ko ba a tsaya ba, Allah ne masani. Malaman garinmu sun ce ajali ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, kuma na yarda, ni Musulma ce. Shi ma har ya koma ga Allah bai taɓa ambata mani ƙwan nan ba, ko da wasa. Da ya zage ni sau ɗaya, da na sami wurin ajiye abin. Kumburin matar nan da uwata ta warkar kuwa, yanzu na san maruru ne.

Kaji tara gare ni yau, kuma ƙwai ba ya kwana a gidana. Duk gidan da aka ce an kwantar da wani, ina zuwa da kunu da ludayina, in tsaya har ya haɗiye. Wadda ta ce mani himiya, in zaunar da ita in ba ta labarin nan tun daga Khartum. Suna cewa tsohuwar ta cika shisshigi. Su faɗa.

Abu ɗaya ne na kasa. Shekaru sun wuce, amma duk ran da zan tura hannu cikin buhun gero sai na tsaya tukuna. Ina shigar da yatsu a hankali, ina lalube, kada in taɓo wani abu mai santsi a ƙasa.